Nazarin Littattafan Soyayya na Hausa: Waiwaye Kan Muhawarar Adabin Kasuwar Kano

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kawo shawarar rubuta kundinsa a kan littattafan soyayya, tambayar da yakan fara cin karo da ita ita ce: shin waɗannan ma adabi ne? Wannan tambaya ta girmi mafi yawan ɗaliban da ake yi wa ita, domin tun farkon shekarun 1990 masana ke kai-kawo a kanta. Manufar wannan takarda ita ce ta waiwayi hanyoyin da manazarta suka bi wajen tunkarar waɗannan littattafai, ta nuna abin da kowace hanya ta gano da abin da ya kuɓuce mata, sannan ta gwada nazari a kan littattafai biyu. Ra'ayin takardar shi ne, an daɗe ana yanke wa littattafan hukunci a jimlace, amma karanta su ɗaya bayan ɗaya bai sami rabonsa ba.

2.0 Tushen Littattafan

Jigon soyayya ba baƙo ba ne a ƙagaggun labaran Hausa. A cikin littattafai biyar na farko da suka fito a shekarun 1930 ƙarƙashin kulawar Rupert East akwai Jiki Magayi, wanda aka gina a kan yadda mai dukiya ya raba saurayi da budurwarsa, da ramuwar da ta biyo baya. Haka kuma a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin Bafulatanar da ta so wanda ba ɗan ƙabilarsu ba.

Abin da ya sauya a tsakiyar shekarun 1980 shi ne hanyar ɗab'i da kuma masu karatu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun samar da dubban matasa da matan aure masu iya karanta boko. A daidai lokacin kuma tattalin arzikin Nijeriya ya shiga mawuyacin hali, manyan kamfanonin ɗab'i suka rage buga ƙagaggun labarai. Sai marubuta suka koma biyan ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa su sayar. Ana yawan ambaton Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed cikin na farko-farko. Daga nan aka sami Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino yake cikin jagororinta. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004 ya ƙunshi littattafai sama da 700 da suka fito tsakanin 1987 da 2002.

3.0 Rigimar Suna

Ibrahim Malumfashi ne ya yayata sunan Adabin Kasuwar Kano a rubuce-rubucensa na jarida a farkon shekarun 1990, yana kwatanta littattafan da ƙananan littattafan Turanci da suka yi tashe a kasuwar Onica bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A ganinsa rubutu ne na yayi, wanda kasuwa ta haifa kuma kasuwa za ta binne. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasunsu sun ƙi amincewa da wannan, suka fi son a ce adabin Hausa na zamani. Muhawarar ta yi zafi musamman a ƙarshen shekarun 1990 a filin adabi na jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa kowane suna yana ɗauke da hukunci a cikinsa. Wanda ya ce adabin kasuwa ya riga ya auna littafin da inda ake sayar da shi. Wanda ya ce littattafan soyayya ya riga ya ɗauka jigonsu ɗaya ne, alhali a cikinsu akwai na jarumtaka da na bincike da na aljanu. Wanda ya ce adabin zamani kuwa ya ba su matsayi, amma bai bambance mai kyau da maras kyau ba. Saboda haka duk sunan da ɗalibi ya zaɓa, wajibi ne ya faɗi dalilinsa tun a babin farko.

4.0 Hanyoyin Nazari Uku

4.1 Hanyar Tarbiyya da Inganci

Masu wannan hanya sun zargi littattafan da abubuwa uku: karya ƙa'idojin rubutu, kwaikwayon finafinan Indiya, da koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Zargi na farko yana da ƙamshin gaskiya. Littafin da bai bi ta hannun edita ba, za a tarar an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an bar haruffa masu lanƙwasa ba lanƙwasa. Sai dai wannan matsala ce ta ɗab'i, ba ta isa ta zama hukunci a kan zubi da jigo ba. Zargi na uku shi ne ya fi nauyi, domin ya fita daga jami'a ya shiga hannun hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Raunin wannan hanya shi ne ta ɗauka mai karatu tulu ce, duk abin da aka zuba mata shi za ta riƙe.

4.2 Hanyar Cuɗanyar Al'adu

A maƙalarsa ta 1997 a mujallar Africa, Brian Larkin ya karɓi batun tasirin finafinan Indiya, amma ya juya shi. Ya nuna cewa Bahaushe ya ga wani zamani a waɗannan finafinai wanda ba na Turawa ba, inda matashi yake fama tsakanin son zuciyarsa da biyayya ga iyaye, kamar yadda yake fama a gida. Abdalla Uba Adamu ya faɗaɗa wannan fage, yana bin sawun yadda labari ke tashi daga wani harshe ko wata kafa ya sami sabuwar riga a Hausa. Wannan hanya ta yi amfani ƙwarai, domin ta raba aro da sata. Haɗarinta ga ɗalibi shi ne ya dinga neman Indiya a kowane shafi, ya manta cewa auren tilas da fifita mai kuɗi sun riga silima zuwa ƙasar Hausa, kamar yadda Jiki Magayi ya shaida.

4.3 Hanyar Matsayin Mata

Novian Whitsitt, a maƙalunsa na 2002 da 2003, ya nazarci Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa. Ya nuna cewa marubutan suna kafa hujja da addinin Musulunci ne wajen neman ilimin 'ya mace da adalci a zaman aure, wato suna ƙalubalantar al'ada da abin da al'ummar kanta ta yarda da shi. Carmen McCain kuma, a kundinta na 2014, ta mai da hankali ga yadda marubuta da 'yan fim suke tona asirin ɓarnar da ake ɓoyewa. Abin lura a nan shi ne kada ɗalibi ya ɗauka kowace marubuciya 'yar gwagwarmaya ce. Littattafai da yawa suna ƙarewa ne da yi wa mace nasihar haƙuri, kuma dole nazari ya faɗi haka in haka ya tarar.

5.0 Gwaji a Kan Littattafai Biyu

Irin wannan raini ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi shi ba. A Amurka ma sai a 1984 Janice Radway ta wallafa bincikenta da ya je ya tambayi mata masu karanta littattafan soyayya dalilinsu na karantawa. A 2003 Pamela Regis ta fitar da gaɓoɓi takwas da take ganin su ne ƙashin bayan labarin soyayya, daga ciki akwai haɗuwar masoya, da shingen da ya raba su, da gaɓar da ake yanke ƙauna, da baiko a ƙarshe. Bari mu ɗora wannan ma'auni a kan littattafanmu mu gani.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito wajejen 1990, ya hau ma'aunin daidai. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka ne, danginta kuma sun fi son Abdulƙadir mai dukiya. Shingen shi ne bambancin arziki da ikon manya. Gaɓar yanke ƙauna ita ce inda Sumayya ta faɗa rijiya. Wannan wuri ne masu suka suka fi kamawa, suna cewa an koya wa yara kashe kai. Amma idan aka dubi zubin labarin, za a ga aikin rijiyar shi ne ta tilasta wa manya su ga sakamakon hukuncinsu. Masoyan ba su gudu sun yi aure a ɓoye ba. Labarin ya ci gaba har aka kai ga auren da dangi suka amince da shi. Ke nan littafin yana neman a gyara yadda iyaye ke amfani da ikonsu ne, bai nemi a rushe ikon ba.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya ƙi hawa ma'aunin. Tauraruwarsa Rabi matar aure ce mai 'ya'ya tara. Mijinta Alhaji Abdu ya auro Delu, ya saki Rabi, ita kuma ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Soyayyar da ke ciki ta 'yarta Saudatu ce, kuma a gefe take. Abin da ke tafiyar da labarin shi ne kuɗin cefane, da kuɗin makaranta, da wanda zai ɗauki nauyin wa. Bayan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, sai aka matsa wa Rabi ta koma gidansa. Mai karatu ba ya jin wannan komawa a matsayin nasara, domin marubuciyar ta riga ta nuna masa cewa Rabi ta fi samun kwanciyar hankali lokacin da take ci da kanta. A nan ƙarfin littafin yake: ya bi ƙarshen da al'umma ta saba da shi, amma ya bar mai karatu da tambaya. Rauninsa kuwa shi ne gaugawar da aka yi wajen saukar wa Alhaji Abdu da masifu a jere, har sakayyar ta fi kama da wa'azi. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012.

Abin da wannan gwaji ya nuna shi ne littattafai biyu da ake sayarwa a rumfa ɗaya, ake kira da suna ɗaya, ba su da zubi ɗaya. Na farko yana tambayar wa za a aura, na biyu yana tambayar me ke faruwa bayan an yi auren. Ma'aunin Regis ya taimaka wajen ganin bambancin, amma bai isa ya bayyana na biyun ba. Ra'in da aka aro daga waje ma'auni ne na gwaji, in ya gaza sai a faɗi inda ya gaza.

6.0 Fagen da Ke Jiran Ɗalibanmu

Kusan duk nazarce-nazarcen da aka ambata sun fi karkata ga Kano da marubutanta. Ɗalibin da ya fito daga Banyo ko Garwa ko Ngaundare yana da wata dama ta daban. A waɗannan garuruwa Hausa tana zaune ne tare da Fulatanci, karatun boko kuma galibi da Faransanci ake yin sa. Saboda haka akwai tambayoyin da shi ya fi kowa damar amsawa. Ta yaya wadda ta yi makaranta da Faransanci take koyon karanta Hausar boko? Wa ke karanta wa waɗanda ba su iya ba? Wace kalma ta Kananci ce ke ba su wuya? Yaya mai karatu a Banyo take kallon labari irin na So Aljannar Duniya, ita da auratayya tsakanin Fulani da Hausawa ba baƙon abu ba ce a garinsu?

Bugu da ƙari, kasuwar kanta ta sauya. Yawancin sababbin labarai yanzu ta waya suke yawo, a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta buɗe wa mata marubuta wata ƙofar. Wanda zai nazarci labarin da ake sakewa shafi-shafi, masu karatu suna mayar da martani kafin a rubuta na gaba, dole ya tanadi hanyar adana matanin da ranar da ya same shi, domin ana iya goge shi ko a sauya shi.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi tarihin littattafan soyayya na Hausa da hanyoyi uku da aka bi wajen nazarinsu, ta kuma gwada littattafai biyu. An ga cewa hanyar tarbiyya ta gano raunin ɗab'i amma ta raina hankalin mai karatu, hanyar cuɗanyar al'adu ta bayyana aro amma tana iya rufe ido ga tushen gida, hanyar matsayin mata kuma ta fito da muryar marubuta amma ba kowane littafi ta dace da shi ba. Shawara ga ɗalibi ita ce ya zaɓi littafi ɗaya ko biyu, ya karanta dukkan juzu'ansu, ya rubuta shekarar bugu da maɗaba'a, ya fitar da jigo da zubi da salo daga matanin kansa, sannan ya nemi masu karatu ya ji ta bakinsu. Bayan ya yi wannan ne zai iya cewa littafin ya yi kyau ko bai yi ba, ya kuma kawo shafin da ya dogara da shi.