Hoton Kirsimeti da Gonakin Doka

Kowace shekara akan aiko mana da kalanda, mu rataye ta a majami'a. Hoton watan Disamba ba ya sakewa: dusar ƙanƙara, da itatuwan da ba mu san sunansu ba. Mai zanen gwani ne, ban raina hannunsa ba. Amma bara wata yarinya a ajin baftisma ta dube shi, ta ce, "Malam, ashe Yesu ba zai iya zama garinmu ba saboda zafi?" Maganar nan ta hana ni barci.

A nan Doka, kan hanyar Gadarif zuwa Galabat, Disamba kaka ce. An yanke riɗi tun Oktoba, ana girbin dawa, baƙar laka ta soma tsagewa, makiyaya kuwa suna kwana a fili da garkunansu. Ku buɗe Luka sura 2. Akwai makiyaya a fili da dare, amma ba a ambaci ƙanƙara ba. Ashe gonakinmu sun fi kalandar kama da Baitalami.

'Yan'uwa masu zane, ku zana mana komin dabbobi a bukkar ciyawa, kusa da gindin aduwa. Da wuya yaro ya bi Mai Ceton da yake tsammani baƙo ne a garinsu.