Masu raba albashi tun kafin ya shigo

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin gidaje a Nijeriya ya rikice. Litar mai da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi sahu, kayan masarufi ma suka bi. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, da ƙyar kuɗin yake sayen buhun shinkafa guda. Amma duk da haka, a kowace ma'aikata za ka sami mutum ɗaya ko biyu da ba a taɓa jin su suna neman rance ranar ashirin ga wata ba. Albashinsu ɗaya da na kowa. Waɗannan mutane suna burge ni, kuma abin da suka iya ana koyonsa.

Farkon abin shi ne rubutu. Littafin makaranta mai fallaye arba'in ya isa. Wata guda cur mutum ya riƙa rubuta duk abin da ya fita daga aljihunsa, har katin waya, kuɗin data, ɗari biyun mai shayi da abin da mai POS ya cire. Kowa ya san kuɗin cefanensa. Waɗannan ƙananan ne suke cin albashi ba a ankara ba. Sai ƙarshen wata, da an tara, ake riƙe baki.

Ainihin gwanintar kuwa tana wajen kallon shekara. Mai sabon hannu wata yake lissafawa, gwani kuma yana hango watanni goma sha biyu a jere. Ya san kuɗin haya sau ɗaya ake biya, kuɗin makaranta sau uku, wajen Satumba, Janairu da Afrilu. Ya san azumi na tafe da sukari da gero, ƙaramar salla da ɗinkin yara, babbar salla da ragon layya, kuma duk shekara suna matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya, ta yadda wata shekarar salla za ta faɗo daidai da komawa makaranta. Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake zuwa ba zato, mu ne dai muke yi kamar ba mu san da zuwansu ba. A ce hayarsa naira 240,000 ce a shekara. Shi a wajensa hayar naira 20,000 ce duk wata, kuma ranar da albashi ya shigo yake ware ta, tun kafin ya leƙa kasuwa. Abin da ya rage shi ne nasa, daidai ruwa daidai tsaki.

Ina kuɗin da aka ware zai zauna bai narke ba? A nan mata sun fi mu sanin hanya, domin sun daɗe da adashi. Mutum goma, zubin dubu goma-goma duk wata, kwasa dubu ɗari. Ka lura da mace mai dabara wajen raba kwasa: ba ta rububin ta farko. "Hajiya, ki bar mini ta watan tara," haka za ta ce wa uwar adashi, saboda a watan ne makaranta za ta aiko da takarda. Wata kuma ta zaɓi lokacin kaka, sa'ad da hatsi ya shigo kasuwanni irin su Dawanau kuma galibi farashi ya sauka, ta sayi buhun masara da na gero, ta ɗura wake a jarka ta toshe bakin sosai don kada ƙwaro ya samu iska. Kafin damina ta yi nisa, masu awo da kwano suna kuka, ita tana ɗiba daga ɗaki.

Akwai kuma layin da littattafan koyar da tattali na Turawa ba su cika sanin da shi ba: zumunci. Biki, suna, anko, gaisuwar mutuwa, ƙanin da ya bugo waya daga makaranta, abin da ake aika wa iyaye a ƙauye. Wanda ya tsara kasafinsa babu wannan layin, wata biyu ba zai yi ba zai yaga littafin. Gwanaye suna yanka masa kasonsa kamar yadda suke yanka wa wutar lantarki. Idan kason ya ƙare, sai a je biki da fara'a da addu'a, a ce wa uwar amarya, "Yaya, gudummawata tana nan tafe, in sha Allahu farkon wata." Kuma da watan ya kama, sai a kai mata har gida.