Jinjina ga Bakaniken Birki

Haƙiƙa ya cancanci yabo, bakaniken nan da idan aka kawo masa kukan birki ya yi laushi, yau ya kama gobe ya nutse, ba ya yanke hukunci sai ya taka da ƙafarsa. In ya maimaita takawa birkin ya yi tauri, ya fahimci iska ce a bututu, domin ita tana matsuwa, man birki kuwa ba ya matsuwa; sai yaronsa ya riƙa takawa, shi yana ƙarƙashin mota yana sassauta noti har kumfa ta ƙare. Amma in ya danne, ƙafar tana sauka sannu-sannu alhali mai ba ya zuba, to robar masta ce ta lalace, kuma amana ba ta barinsa ya sallami motar sai ya sauya ta.