Earnie Shavers: Yadda Ake Auna Ɗan Damben da Bai Ɗauki Kambu Ba

A daren 28 ga Satumba, 1979, a Caesars Palace da ke Las Vegas, Larry Holmes ya shiga turmi na 7 yana juya Earnie Shavers yadda ya ga dama. Kwatsam sai hannun daman Shavers ya sauka wa Holmes a muƙamuƙi, zakaran duniya ya zube warwas. Da a damben gargajiya ne, an yi kisa ke nan, makaɗa su ɗauka, kowa ya kama gabansa. To amma damben zamani yana yi wa wanda ya faɗi uzurin ƙirga goma. Holmes ya miƙe yana tangaɗi, ya lallaɓa har aka kaɗa ƙararrawa. A turmi na 11 alƙalin wasa ya tsayar da faɗan, Shavers ya gaji tiɓis.

Masu nazarin dambe sun daɗe suna jayayya a kan irin waɗannan mutane, da suka isa bakin ƙofar sarauta aka rufe musu. Hanya mafi sauƙi ita ce a duba lissafi, kuma na Shavers yana da ban tsoro: cikin karawa wajen 90, kusan 70 ya gama su kafin a kai turmin ƙarshe. A 2003 mujallar The Ring ta sa shi na 10 cikin mutum 100 da suka fi kowa nauyin hannu a tarihi. Sai dai lissafi yana da ruɗi. Da yawa cikin waɗanda ya kwantar a farkon tasowarsa ba wanda ke tuna sunansu yau.

Gara a tambaya: da wa ya haɗu, kuma yaya aka kwashe?

An haifi Shavers a Alabama a 1944, ya tashi a Ohio, bai fara dambe ba sai da ya haura shekara 20. Shi da kansa yakan ce aikin gona da saran itace ne suka gina masa ƙarfi. Makarar fara damben ta bi shi har ƙarshe, don yana da hannu amma ba shi da dogon numfashi, ƙafarsa kuma ba ta da sauri. A 1973 ya kwantar da tsohon zakara Jimmy Ellis a turmin farko. Kafin shekarar ta fita, Jerry Quarry ya yi masa irin haka, shi ma a turmin farko. A 1975 ya kai Ron Lyle ƙasa, Lyle ya tashi ya gama da shi a turmi na 6. A 1979 kuwa Ken Norton, wanda ya taɓa karya wa Muhammad Ali muƙamuƙi, bai ga ƙarshen turmin farko a hannun Shavers ba.

Karawarsa da Ali a Madison Square Garden, ran 29 ga Satumba, 1977, ita ce ta fi bayyana shi. Ali ya raɗa masa suna Acorn saboda ƙwalƙwal ɗin kansa. A turmi na 2 Shavers ya same shi da kyau, ƙafafun Ali suka yi sanyi. Sai Ali ya shiga shafa kai yana wasan kwaikwayo, kamar tsokana yake yi. Shavers ya yi zaton tarko ne, ga kuma tsoron kada ƙarfinsa ya ƙare, sai ya ja baya. Nan dama ta kuɓuce. A ɗaya gefen, mai horar da Ali, Angelo Dundee, ya ajiye mutum gaban talabijin, inda ake nuna makin alƙalai bayan kowane turmi, don haka ya san inda aka kwana. Aka cika turmi 15, alƙalai uku duka suka ba Ali.

Amma Ali ya biya da tsada. Bayan wannan dare likitansa Ferdie Pacheco ya bar tawagar saboda Ali ya ƙi jin shawarar ya daina, kuma cikin wata biyar Leon Spinks ya ƙwace masa kambu.

Magoya bayan Shavers sukan ce da a yau ne, da ake da manyan kambuna huɗu, da ya ɗauki ɗaya. Mai yiwuwa. Amma wannan hujja ce mai arha, domin duk wanda ya iya jure turmi biyar na farko ya san maganinsa, a kowane zamani. Shaidar da ta fi nauyi ita ce ta waɗanda suka sha naushin. Ali ya kara da Liston, Frazier da Foreman, Holmes ya kara da Tyson, amma su biyun sun ce ba wanda ya kai Shavers zafin hannu.

Bayan faɗansa da Holmes an yi masa tiyata a ido. Bai haƙura ba, ya riƙa tafiya yana dawowa har 1995, yana da shekara 51, aka kwantar da shi a karawarsa ta ƙarshe. Ya koma wa'azin Kirista, ya kuma zauna a Ingila na wasu shekaru, yana aikin tsaron ƙofa a Liverpool. Ya mutu ran 1 ga Satumba, 2022, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 78.