Ranar da Ba Ta Shiga Labarin Dorugu Ba

A cikin labarun Hausawan da suka je Turai neman ilmi, babu wanda ya riga na Dorugu. Shi yaro ne daga Dambanas, wajen Kance ta ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi a Barno, da Overweg ya mutu a 1852 sai ya koma hidimar Barth, wanda mutanen ƙasan nan suka sani da Abdulkarim. Tare da shi ya je Tumbutu, tare kuwa suka biyo ta Kano da Gumel a ƙarshen 1854 za su Kukawa. Watau hanyar da ta kai yaron Landan a 1855 ta ratsa wannan masarauta da Sule Tankarkar da Maigatari ke cikinta.

A Ingila ya zauna gidan J. F. Schön, ɗan mishan mai nazarin Hausa. Can ya koyi karatun boko, can kuma ya riƙa faɗin labarinsa ana rubutawa, a 1856. An buga shi a 1885, cikin littafin Magana Hausa.

Duk malamin da ya karanta wa almajiransa wannan labari ya san inda daɗinsa yake. Dorugu yana da ido. Ya dubi jirgin ruwa, da tufafin matan Turawa, da yadda ake zama cin abinci, ya faɗe su da gajerun jimloli, kai ka ce a dandali yake ba 'yan'uwansa labari. Ba ya yabon Bature don a ji daɗinsa, ba ya kuma kushe shi. Amma fa abin da ya faɗa game da Turai duk na isowa ne. Mai faɗinsa bai shekara biyu a ƙasar ba, kome sabo ne gare shi, mamaki kuwa bai cika auna abu daidai ba.

Dorugu bai bar Ingila ba sai 1864. Shekarun nan takwas, da ranar da ya ɗaure kayansa, babu su a littafin. Wannan rashi babba ne, gama ranar tashi ita ce ranar da ɗalibi ke lissafi: me ya samu, me ya bari, da wane baki zai gai da mutanen gida, shi da ya fita yana yaro ga shi zai koma da gemu. Mai isowa birni yake kallo, mai tashi kuwa kansa yake dubawa. Hausa ta sami na farkon tun 1856, na biyun ya wuce ta.

Dalilin ba boyayye ba ne. Alƙalamin ba a hannun Dorugu yake ba. Abin da Schön ke nema shi ne harshe, kalmomi da ginin jimla, waɗanda suka taimake shi a nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876. Da buƙatar ta biya, labarin ya tsaya. Ba laifi ne a gode masa ba, don ba don shi ba da ko wannan ba a samu ba. Sai dai kada mai koyarwa ya ɗauki inda rubutun ya ƙare a matsayin inda mai labarin ya ga dama ya yi shiru.

A gwada shi da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jarida, littafin ya fito a 1944. Imam ya rubuta nasa da hannunsa bayan ya komo, saboda haka kowane shafi mutumin da ya riga ya yi ban kwana ne ke magana. Amma baƙon 'yan makonni ne, ba ɗalibin shekaru ba.

Dorugu ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909. A nan ya rasu a 1912, bayan shekara 48 da barinsa Ingila.