Takardun Guzurin Yaƙi a Matsayin Hujjar Tarihi: Sharhi a Kan Yadda Ake Tara Su

Manufar wannan takarda ita ce a yi sharhi a kan yadda ake tara takardun guzurin soja na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, wato takardun da suka shafi abinci da sufuri da leburori da sauran abubuwan da gwamnatin Ingila ta ɗiba daga Nijeriya ta Arewa domin yaƙi. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, irin wannan takarda ba ta zama hujja sai an san inda ta fito da dalilin rubuta ta. Wanda ya zare ta daga fayil ɗinta don sha'awar hatimi ko sa hannun wani Bature, ya sami abin ado, amma ya kashe shaida.

Kafin a shiga sharhin, ya kamata a dubi abin da ya haifar da takardun. Daga shekarar 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen saman yaƙi a Takoradi, suna bi ta Kano da Maiduguri da Hartum zuwa Masar, kuma kowane zango yana bukatar mai da abinci da ma'aikata. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan ma'adinan Jos. Aka kafa dokar aikin tilas, wanda talakawa suka kira diban gwamna, aka kwashi mutum fiye da 100,000 daga larduna tsakanin 1942 da 1944. A cikin 1942 ɗin kuma gwamnati ta karɓe cinikin gyada ta hannun hukumar amfanin gona ta Afirka ta Yamma. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka yi yaƙi a Bama, a cikinsu har da dubban 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka. Duk waɗannan hidimomi sun bar rasidai da wasiƙu da jerin lissafi.

Amfanin takardun a fili yake. Rahoton kwamanda yakan faɗi inda aka yi nasara, takardar guzuri kuwa ita ke nuna wanda ya biya kuɗin nasarar. Littafin Bill Freund na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza, da na Michael Watts na 1983 a kan abinci da yunwa a Arewa, sun nuna irin abin da ake samu idan aka bi fayilolin larduna da haƙuri.

Amma akwai illoli uku da ya wajaba manazarci ya kiyaye. Na farko, sau da yawa adadin da ke rubuce adadin da aka yanka wa lardi ne, ba wanda aka tara ba. Na biyu, takardar takan tsaya a ofishin Razdan ko na Di'o. Umurni kuwa yakan gangara daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, har ya isa rumbun manomi, kuma a wannan gangare ne ake ƙari da ragi. Na uku, akawun da ya rubuta buhu kaza na dawa bai damu da sunan mai ita ba, balle watan da aka karɓa, alhali ɗibar hatsi da kaka daban take da ɗibarsa da bazara.

Wannan ya kawo mu ga aibin masu tarawa. Alal misali, a ce mutum ya mallaki rasit guda na hatsin da aka aika Jos. Idan yana cikin fayil, za a ga wasiƙar da ta nemi hatsin a gabansa, a ga kukan da En'e ta yi a bayansa, a ga lambar da za ta kai mu ga wani fayil. Idan aka raba shi da 'yan'uwansa, ba abin da ya rage sai kwanan wata da adadi. Saboda haka tsarin da Kenneth Dike ya assasa a 1954, wanda ya haifar da gidajen adana takardun tarihi na Ibadan da Kaduna da Inugu, ya fi tarin mai sha'awa inganci, domin yana ajiye takarda tare da asalinta. Sai dai shi ma ya fi wadata da muryar mai mulki.

A ƙarshe, shawarar da za a bayar ita ce, duk mai tara irin waɗannan takardu ya rubuta daga hannun wa ya karɓa, kada kuma ya warware abin da ya samu a ɗinke. Jami'o'i da Gidan Arewa na Kaduna su nemi takardun En'e na boko da na ajami da ke gidajen hakimai da tsofaffin malaman haraji, a ɗauki hotonsu. Matashin da aka ɗiba yana da shekara 18 a 1942, yau ya haura 100 in yana raye. Abin da ya rage na shaidar baka yana bakin 'ya'ya da jikoki, kuma da shi ne za a gwada lissafin akawu.