Jinjina ga masu zana allon lantarki a lungunan Sheshe

A Sheshe, cikin ganuwar Kano, inda lungu ke shiga lungu, akwai samarin da suka fara da buɗe tsohuwar rediyon baba, yau ga su suna zana allon lantarki da kansu a kwamfuta. Su nake yi wa jinjina.

Hankalinsu wajen zaɓar manhaja ya fi burge ni. Proteus, ta wani kamfani a Ingila, tana nuna maka yadda wuta za ta bi kafin ka sayi ko waya ɗaya, amma kuɗi take ci. EasyEDA ta fi son intanet, ga data da tsada. Shi ya sa da yawansu suka rungumi KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, daga baya cibiyar CERN ta sa hannu a cikinta. Kyauta ce, kuma ko babu intanet tana aiki, muddin akwai caji.

Bayan zane sai aikin hannu. A buga zanen a takarda mai sheƙi, a kifa ta a kan allon tagulla, a danna da dutsen guga mai zafi har tawadar ta kama. Sai a tsoma allon cikin sinadarin da ke cinye tagullar da ba a rufe ba, hanyoyin wuta su fito tsaf. Sauran kayan kuma a nemo su a Sabon Gari, ko a ciro daga matacciyar talabijin.

Allah ya ƙara muku basira, ƙannena.